Hannun Baba Bakari

Shekara goma sha tara ina juya injin nan da hannuna, ko kare bai taɓa leƙowa ya ga yadda nake yi ba. Ran da Zakariya'u ya ɗaura masa moter mai aiki da lantarki kuwa, sai da mutanen unguwa suka cika gidanmu har bakin kwata, kai ka ce amarya aka kawo. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba, hassada ce ta kama ni, kuma ta yi mini mugun kamu.

Ni ne Ilu, ɗan ƙanwar Baba Bakari. Ina da shekara goma sha huɗu aka sako ni a motar shanu daga Garwa zuwa Duwala, aka ce in je wurin kawuna in koyi sana'a. Kawuna ne, amma Baba na tashi ina ce masa. Mahauci ne na asali, sai dai tun yana saurayi ya yi aiki wurin wani Balaraben Tunis a unguwar Akwa, shi ya koya masa margez. A niƙa naman sa da na rago da kitse, a zuba barkono da tafarnuwa da sauran kayan ƙamshi, a cuɗa, a ɗura cikin hanjin rago, a ƙulla guntu-guntu. Da Balaraben zai koma ƙasarsu sai ya bar masa injin cuɗawar. Ba wani abin a zo a gani ba ne. Kwami ne na ƙarfe kamar na shayar da tumaki, da fikafikai huɗu a ciki, da hannu a gefe wanda mutum ke juyawa. A ɗakin baya na gidanmu da ke unguwar Hausawa a New Bell aka kafa shi, kuma da shi gidan ya ci ya sha shekara talatin.

Doka ɗaya Baba ya kafa mini ran da na fara kama hannun injin. Ya ɗora agogon tebur a kan taga ya ce juyi arba'in a minti guda, kada in ƙara, kada in rage. In na rage yaji ba zai ratsa nama ba. In na ƙara, a zafin nan na Duwala da mutum ke jiƙewa yana zaune, kitse zai ɗumama ya narke ya shafe naman, ran da aka ɗora shi a wuta ya tsiyaye ya bar dusa. Wata uku yana tsaye a kaina da agogo, har arba'in ɗin ta zauna mini a kafaɗa. Bayan nan ko barci nake yi ina juyi ba na wuce ta. Kuma hannun injin da kansa yake gaya maka lokacin tsayawa, sai ka ji ya yi nauyi, naman ya fara kama fikafikai, to shi ke nan ya yi.

Da ɓarin jikin Baba na dama ya shanye, sai komai ya dawo kaina. Ni ne kasuwa, ni ne cuɗa, ni ne ɗuri, ni ne mai ɗaga shi daga tabarma in raka shi masallaci. Tun daga lokacin ya bar kirana da sunana. "Hannuna, zo ka ɗaga ni." "Hannuna, taɓa naman nan ka gaya mini." Tun yana faɗa a gida har ya fita waje, mahautan Kasuwar Kongo ma Hannun Baba suke ce mini. Ba ni da gida, ba ni da rumfa tawa, ɗaki ɗaya nake ciki da matata Mardiya. Wannan sunan shi ne duk abin da na mallaka a Duwala, kuma wallahi ya ishe ni.

Zakariya'u shi ne ɗan Baba guda ɗaya tilo, na girme shi da shekara biyar. Shi boko aka sa shi. Ya karanci gyaran injuna, ya samu aiki a wani kamfani a bakin tashar jiragen ruwa, ya kama haya a Ndogbong. Ran Lahadi yake zuwa gaishe mu da farar riga mai guga, yana tsallake kwatar unguwa yana ɗage ƙafar wando. Tun da ya tashi bai taɓa sa yatsa cikin niƙaƙƙen nama ba. Ni da shi taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, saboda haka wasa halal ne tsakaninmu, ni kuwa na ci wannan halal har na lashe kwano. Hausarsa ce gonata. An haife shi a New Bell amma bakinsa ya tafi Faransanci. Sai ya ce maka "Baba ta ce". Ya taɓa zuwa gidan rasuwa ya ce wa mai makoki barka da arziki, shekara guda cur ina gaishe shi da wannan. Ƙidaya kuwa, da ya wuce talatin sai ya kama hanyar Faransa. Ban taɓa barin kuskurensa ko ɗaya ya wuce ba, a gaban kowa ne, shi kuma sai ya yi dariya ya ce in bar shi ya huta.

Sai ga shekarun matsi sun zo. An yanke albashin ma'aikata, aka sake yankewa. Kamfanoni suna rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masu sayen margez ɗinmu suka yi ta zamewa, domin wanda bai ci tuwo ba ina zai tuna da margez. Wata safiya sai ga Zakariya'u da akwati biyu da jakar sufana, wai an kompirese shi, wato kamfani ya rage ma'aikata ya haɗa da shi. Aka share masa ɗakin da ke jikin nawa. Na ji tausayinsa, na rantse na ji. Amma in gaskiya za a faɗa, akwai ɗan daɗi a ƙarƙashin tausayin, ganin mai farar riga yana bin layin famfo da bokiti kamar kowa.

Daɗin bai yi nisa ba. Baba ya fara zama da shi bayan la'asar, suna jin rediyo, yana fassara masa labarai. In na fito daga ɗakin baya jiƙe da gumi sai in tarar da su kai da kai, Baba yana gyaɗa kai kamar wanda ake karanta wa hadisi. Ni shekara goma sha tara ban taɓa faɗin maganar da ya gyaɗa wa kai haka ba.

Da aka karya darajar kuɗinmu sefa, kayan da ake shigowa da su daga waje suka ninka. Akwai wani ɗan Labanan mai shagon burodi da nama a Akwa, shi kaɗai ne babban mai saye da ya rage mana, kilo biyar yake karɓa a mako. Sai ya aiko ya ce na waje sun fi ƙarfinsa, daga yanzu kilo talatin yake so duk Asabar kafin azahar. Baba ya ɗaga hannunsa mai rai ya yi hamdala. Ni a baki kawai na yi hamdala, don akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Shekara biyu ke nan kafaɗata ta dama tana ciwo. Wani lokaci in na juya sai in ji kamar ana soka mini tsinken tsire a gaɓa. Mardiya kaɗai ta sani, ita ke shafa mini man zafi, kuma na ce in ta faɗa wa wani za ta ga ɓacin raina. Hannun Baba ba ya ciwo, haka na ɗauka.

Kashegari muna shan koko sai Zakariya'u ya ce ai injin nan ana iya sa masa moter ya riƙa juya kansa. Na yi dariya har na ƙware. Na ce wanda bai san inda ake zuba gishiri ba shi zai koya wa inji cuɗa? Na duba Baba don mu yi dariyar tare, sai na ga ba dariya yake ba, idonsa ya kawo haske. Ya ce ɗansa ya yi masa bayani. Zakariya'u ya jawo takarda ya zana. Ga moter, ga ƙaramin faifai a bakinsa, ga babban faifai a inda hannu yake, puli yake ce musu, ga kuma wata igiyar roba da za ta haɗa su, wai da Faransanci kurwa ake ce mata. Baba ya tuntsure da dariya ya ce ashe inji ma yana da kurwa. Kwana uku yana maimaita wannan ga duk wanda ya shigo gaishe shi. Ni ban ga abin dariya ba.

Ya tafi Kam Yabasi wurin masu tsofaffin ƙarafa ya dawo da moter ɗin injin wanki a kafaɗa, duk tsatsa. Ya zauna a tsakar gida ya farke shi, ya wanke, ya mayar. Farar rigar nan ta zama baƙa. Mata suna wucewa suna yi masa sannu. Mardiya, matata ta kaina, ta kai masa ruwan sanyi a moɗar da take ba ni. Na ga abin, ranar ko tuwonta ban yaba ba.

Ran Talata ina cuɗa ɗan abin da za mu kai kasuwa sai ya shigo da agogo a hannu, ya tsaya a kaina yana motsa baki. Na saki hannun injin. Na ce ni ba dokin sukuwa ba ne da za a tsaya ana auna ni, ya fita ya ba ni wuri. Ya fita. Da na gama ina wanke fikafikai sai ya dawo da ɗan littafinsa da biro, ya tsuguna gefena. Ya ce ba raini ba ne, girman faifan da zai sayo ya danganta da saurin da nake juyi, in ban gaya masa ba lissafin ba zai yi ba.

"Yaya Ilu, juyi nawa kake yi a minti?"

"Arba'in," na ce, ban ko ɗago ba.

"Arba'in," ya maimaita, yana juya biro. "Wato katir-ban."

Ya rubuta. Ni da na shekara goma sha tara ina ciniki da masu Faransanci a kasuwa, ko cikin barci ka tashe ni na san katir-ban tamanin ne. Arba'in karant ce. Na san ma yadda aka yi ya faɗa ramin, ya ji arba ya tuna huɗu, huɗun ta ja shi zuwa katir, wato huɗu da Faransanci. Ba'ar ta taso mini har kan harshe, irin wadda zan shekara ina yi masa. Sai na haɗiye ta. Na ci gaba da goge fikafikai kamar ban ji ba. Ya yi mini godiya ya tashi, har da dafa mini kafaɗa, kafaɗar mai ciwo.

Na gaya wa kaina ai ni gaskiya na faɗa. Arba'in na ce, mala'ikun kafaɗata shaida ne. In mai boko bai iya ƙidayar ubansa ba, ina ruwan Ilu? Haka na yi ta faɗa wa kaina daga Talata har Juma'a, kuma ko sau ɗaya ban yarda da kaina ba.

Ran Alhamis ya kwance hannun injin. Ina tsaye ina kallo ya zare ƙusar, ya ciro shi, ya jefa ƙarƙashin tebur ya yi ƙara a siminti. Hannun nan itacen mariƙinsa ya lotsa daidai yatsuna, kowane yatsa da gurbinsa. Ya kawo mai walda aka liƙa faifai a wurin, liƙi na har abada. Da suka fita na sunkuya na ɗauki hannun na kai ɗakina na tura ƙarƙashin gado. Mardiya ta gani ta buɗe baki, na harare ta ta rufe.

Bayan an sauko daga masallacin Juma'a Baba ya gayyato jama'a. Liman ya zo, mahauta suka zo, telolin bakin titi suka bar kekunansu. Aka ɗauko Baba aka zaunar a kujera a ƙofar ɗakin baya, kuma ni na ɗauko shi. Ba nama a ciki, gwaji ne kawai. Zakariya'u ya yi bisimilla ya danna. Injin ya yi gurnani, kurwar ta kama, fikafikai suka shiga wulwulawa. Mutane suka ɗauki kabbara. Ni da kallo ɗaya na ga abin da na riga na sani, gudu yake kamar an biyo shi. Baba idonsa ya yi rauni, daga inda yake inuwa kawai yake gani tana motsi. Liman ya ce ilimi ke nan. Wani mahauci ya doke ni a baya ya ce Hannun Baba yanzu sai hutu, sai ka nemi tabarma. Aka yi dariya, ni ma na yaƙe haƙora.

Sai Baba ya kama hannun ɗansa ya riƙe, ya ce: "Ku duba abin da Allah ya ba ni da tsufana. Ga hannun da ba ya gajiya."

Ban san inji yake nufi ko ɗan ba, kuma ban damu in sani ba. Kalmata ce aka ɗauka a gabana aka ba wani. Da akwai sauran niyyar magana a zuciyata, nan ta mutu.

Zakariya'u ya so ya gwada da nama kaɗan a yammacin, sai aka ɗauke wuta. Ba ta dawo ba sai Asabar da hantsi, lokacin naman kilo talatin yana kwance cikin ƙanƙara tun asuba, azahar kuma tana matsowa. Hannu babu, an liƙe wurinsa. Na auna yaji da kaina yadda na saba, ban rage komai ba, don in an tashi neman laifi kada a same shi wurina. Muka zuba kashi na farko ya danna. Fikafikai suka riƙa dukan naman maimakon juya shi. Ba a jima ba fararen ɗigon kitsen nan da ya kamata a gan su daban-daban suka ɓace, naman ya koma launi ɗaya yana ƙyalli. Zakariya'u yana ta murna, wai dubi yadda ya yi sumul. Ya tambaye ni ko ya isa, na ce ai shi ne mai inji. Ya ƙara masa minti biyu don ya tabbata.

Na sa hannu na ɗebo. Ɗumi gare shi kamar jikin mai zazzaɓi, yana zamewa tsakanin yatsu. A lokacin kashi ɗaya ne cikin uku ya lalace. Da na buɗe baki, da an tsira da kilo ashirin, ko da a daro ne mu cuɗa da hannu. Na kalli Zakariya'u yana share gumi yana murmushi, na tuna hannun da ba ya gajiya, na ce a zuba na biyu.

Ina ɗuri a hanji sai na ji muryar Baba daga baranda. "Hannuna, yaya naman? Ya kama?"

"Inji ya gama aikinsa, Baba," na ce.

Ya ce alhamdu lillahi. Shekara takwas tun da jikinsa ya shanye, abin da hannuna ya taɓa na faɗa masa shi ne ya taɓa, bai taɓa sake bincikawa ba. Zakariya'u da kansa ya ɗauki kayan a tasi zuwa Akwa, ya ce yana so ya ga fuskar mutumin.

Bayan la'asar sai ga motar ɗan Labanan a bakin lungu. Shekara da shekaru bai taɓa tako unguwarmu ba, ranar ya tako, direbansa yana biye da daro biyu na margez ɗinmu. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya gaishe da Baba da ladabi, ya roƙi a kawo kurfoti da garwashi. Mardiya ta kawo. Ya ɗora guda biyu. Kafin ka ce me, fatar ta fashe, kitse ya tsiyaye cikin wuta ta tashi bal. Ya ɓare abin da ya rage ya miƙa wa Baba. Baba ya murza da yatsun hagu, ya zube kamar dusar kaji. Mutumin ya ce ya riga ya sayar wa masu cin rana, wasu sun dawo masa da burodinsu a hannu, a wannan zamani da mai saye ɗaya ya fi zinariya. Ya ce shekara ashirin yana alfahari da margez ɗin Bakari, amma shi ma yana da iyali. Ya yi sallama ya tafi. Maƙwabtan da suka yi kabbara jiya suna leƙe ta kan katanga.

Abin da na so ke nan, ko ba haka ba? Na tsaya ina jiran daɗin ya zo, bai zo ba. Baba yana zaune da dusar a tafin hannunsa, ya ƙanƙance a kujera kamar an sace masa iska.

Zakariya'u ya durƙusa gabansa ya ce laifinsa ne, amma ya kasa gane inda ya kuskure, lissafinsa daidai yake. Ya ruga ɗaki ya ɗauko littafin yana buɗewa. Ya ce ya tambaye ni, na ce arba'in, ga shi nan ya rubuta, kuma injin abin da yake yi ke nan ba ƙari.

"Nawa ka rubuta?" in ji Baba.

"Arba'in, Baba. Katir-ban."

Mardiya ta dafe ƙirji. Baba ya gaya masa a hankali cewa katir-ban tamanin ne. Zakariya'u ya kalli takardar, ya kalli ubansa, ya dafe kai da hannu biyu. Mutum mai shekara kusan talatin ya zauna a ƙasa yana hawaye, yana cewa ya kashe sana'ar ubansa da jahilcin harshen ubansa. Baba ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya tambaye shi, da ya rubuta, a zuci ya faɗa ko a fili. Zakariya'u bai gane inda tambayar ta dosa ba. Ya ce a fili mana, ai ina gefen Yaya Ilu yana wanke inji, ƙila ƙarar ruwa ta hana shi ji. Baba ya ce ya tashi ya je ya wanke fuskarsa.

Muka rage mu biyu a baranda. Na shirya maganganu da yawa, cewa arba'in na ce, cewa hankalina yana kan fikafikai. Baba ya juyo da idanun nan nasa da ba sa gani sosai ya sauke su a kaina.

"Tun zuwanka gidan nan ba ka taɓa barin kuskurensa ya wuce ba," ya ce. "Sai wannan."

Bai ƙara ba. Ya kakkaɓe dusar daga hannunsa a jikin kujera. Da ya zage ni, da ya ce in tattara in koma Garwa, da na san abin da zan yi da kaina.

Na shiga ɗakin baya na kama wanke inji don in sami abin yi. Sai ga Zakariya'u ya shigo ido jajur, wai ya zo ya ba ni haƙuri. Ni! Ya ce ya san na ji haushin cire hannun, ya ga na ɗauke shi. Ya ce shi ba don a yabe shi ya yi ba. Tun da ya dawo gida sahu ɗaya muke sallah, yana gefena, kuma ya lura in an yi kabbara hannuna na hagu yana kai kunne, na dama kuwa a ƙirji yake tsayawa, ina cije leɓe. Da ya ji zancen kilo talatin sai ya san kafaɗar ba za ta kai ba, kuma ya san ko za a yanka ni ba zan faɗa ba. Bai gaya wa Baba ba don kada in ji kunya.

Na ce masa ba komai. Abin da na iya faɗa ke nan, ba komai, ina ta goge fiffiken da ya riga ya fita tas. Ya ce ranar Litinin zai koma Kam Yabasi ya nemo faifai wanda ya ninka wannan girma, kuma wannan karon zai ƙirga da yatsu a gabana, in ya sake kuskure in yi masa ba'a har ya mutu. Ya yi ɗan murmushi yana jira in ɗauki wasan. Na kasa.

Ya yi yadda ya ce. Injin yana nan har gobe yana juya arba'in ɗinsa, ba ya ƙarawa ba ya ragewa, ni nake tsayawa a kansa in ce ya isa. Ɗan Labanan bai dawo ba, sai masu burodi na bakin titi muka riƙa lallaɓawa da su. Baba bai taɓa faɗa wa ɗansa abin da ya gane ba, ni ma ban faɗa ba, kuma ba a rage mini komai a gidan ba, ko loma ɗaya.

Amma a wannan Asabar ɗin, da ladan ya kira magariba, na wanke hannu na fito baranda yadda na saba shekara takwas. Na tsaya gefen kujerarsa na sunkuyar da kafaɗa don ya dafa. Baba ya laluba ya ɗauki hularsa ya sa, ya gyara zaman carbi a aljihu. Bai dafa ba.

"Ilu," ya ce, "kira mini Zakariya'u ya ɗaga ni."